Shekarar da Inna ta Raba Mana Kwano

Maganar nan ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku ita daga farko har ƙarshe ba. Guntu-guntunta kuka tsinta a bakin dangi, kuma abin da ya iso kunnenku a karkace yake. Wajen sunan ɗan Murjanatu, wata 'yar'uwar babana da tsufa ya sakar wa baki ta faɗa a gaban jama'a wai kakarku ta hana ɗanta namiji abinci har ya mutu. Na ga yadda kuka kalli juna. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban tanka ba, don taro ne. Ita mai maganar ba ta ma garin lokacin da abin ya faru, ji ta yi. Waɗanda suka gani da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni, sai ƙanwata Hanne wadda a lokacin ko magana ba ta gama iyawa ba. Don haka ku ji daga bakina.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a gefen Maska. In mutum ya yi sammako a ƙafa, yana Funtua kafin rana ta yi zafi. A gidan akwai Baba, da Inna, da Iya wadda ta haifi Baba, sai mu yara. Ni ce babba, na fara tasawa, ina iya tuƙa tuwo in an ɗora mini tukunya. Audu ke bi na. Tsakaninsa da Hanne an haifi biyu, duk sun koma tun suna goye, shi ya sa Inna ke kallon Hanne kamar mai jiran wani ya zo ya ƙwace ta. Audu kuwa ba wanda yake jin tsoro a kansa. Yaro ne kakkaura, mai ƙarfi, mai surutu, ga ci. In ya zauna gaban tuwo har wani ɗan gurnani yake yi na jin daɗi, Iya ta riƙa ce masa sai ka ce ɗan maraƙi.

Tun kafin yunwa ta shigo, cin abinci a gidanmu da doka yake. Kwano ɗaya muke ci mu yara. Babba ke fara sa hannu, kowa ya ci gabansa, ba a kallon bakin wani, ba a magana. In an yi sa'a akwai nama, ba mai taɓawa sai an cinye tuwo, sannan Inna ta raba da hannunta. Ƙwai kuwa ba a ba yaro, Iya ta ce yaron da ya saba da ƙwai hannunsa ba ya tsayawa a kan nasa, ƙarshensa sata. Amma babbar doka, wadda Inna ke duka a kanta, ita ce cin abincin gidan wani. Ko biki ake yi sai ta ce ka karɓa sannan za ka karɓa. Ita marainiya ta tashi, a hannun mutane, ta sha gorin loma tun tana ƙarama, ta yi alkawari tsakaninta da Allah ba wanda zai ce ya ciyar mata da ɗa. Ba mugunta ba ce. Mace ce da ta san zafin a ba ka sannan a faɗa.

Shekarar da ta gabaci yunwar, Baba ya ba auduga babbar gonarmu. Ba shi kaɗai ba, rabin garin haka suka yi, don an ga waɗanda suka kai auduga kasuwa sun dawo da keke da kwanon rufi. Dawa ya tura ta ƙaramar gona ta bayan rafi. Sai ruwa ya ɗauke da wuri. Dawar ta fitar da kai amma ba ta yi ido ba, audugar kuma tsutsa ta shiga. Abin da aka zuba a rumbu da kaka, Baba ya leƙa ya daɗe bai sauko ba. Da rani ya tafi Funtua dakon dilolin auduga a gidan gurza, amma masu neman aikin sun fi aikin yawa, yakan dawo mana da ɗan hatsi a ƙasan buhu, ranar da babu kuma ya dawo da kunya.

Inna ba ta jira rumbu ya ƙare ba. Tun sanyi bai wuce ba ta rage awo. Aka daina abincin rana, aka koma koko da safe, tuwo da yamma. Daga baya tuwon ya fara shan dusa, miyar ta zama ganye zalla. Wata yamma ta tsaya a kanmu muna ci, tana kallo har muka siɗe kwano. Ta ga abin da ni ma na sani: kafin Hanne ta kai loma ɗaya baki ta gama juya ta, Audu ya share gabansa ya shiga gabanta. Washegari sai ga kwanoni a jere, kowa da nasa.

Iya ta ce, "Wannan kuma wane sabon salo ne? 'Yan ciki ɗaya a raba musu kwano? Haka ake raba zumunci."

Inna ta ce, "Iya, in ba a raba ba, ƙaramar ba za ta kai damina ba."

"To da me za ki auna? Cikin kowa kika shiga?"

Inna kuwa ta riga ta sami ma'auninta. Duk Juma'a in ta yi mana wanka, sai ta kama damtsen kowa ta zagaye shi da babban yatsa da na tsakiya. Nawa yatsun suna haɗuwa da ƙyar. Na Hanne suna haɗuwa har su hau juna. Na Audu ba sa haɗuwa, da sauran fili. Da wannan take yanke yawan tuwon da mara za ta ɗebo wa kowa. Baba ne mai babban rabo don shi ke fita nema, Iya tsohuwa ce ba a rage mata, Hanne a ƙara mata, ni da Audu a daidaita. Nata rabon ba wanda ya taɓa gani, don a madafa take ci, ta juya mana baya. Sai da na girma na yi nawa 'ya'yan na gane abin da juya bayan ke nufi. Kuma tana da ciki a lokacin, cikin da ya zama kawunku Isiya. Shi ya sa aka yaye Hanne ba shiri.

Audu bai taɓa yarda da wannan awo ba. Yakan ɗaga kwanonsa ya leƙa na Hanne.

"Inna, ai ni na fi ta girma."

"Shi ya sa za ka fi ta haƙuri."

"Cikina ma ya fi nata girma."

"Ci ka tashi."

A bakin kasuwar garinmu akwai wata Bayarabiya da muke kira Maman Tunde, tana sayar da gishiri da sabulu da ashana, mijinta tela ne. A garin aka haifi Tunde, Hausa a bakinsa kamar ni da ku, kuma shi ne babban abokin Audu. Su ba noma suke ba, don haka abin da ya sami gonaki bai shiga tukunyarsu da wuri ba. Cikin bazara, lokacin da zafi ke sa yunwa ta zama jiri, Audu ya fara ɓacewa da hantsi ya dawo yana fara'a. Inna ba ta tambaye shi ba. Ranar nan ya shigo, ta kama hannunsa na dama ta sunsuna. Manja ne da wake. Ta ja shi bayan ɗaki ta karyo tsumagiyar dalbejiya. Ban taɓa ganin ta dake shi irin na ranar ba, tana dukan tana hawaye, shi kuma yana ihu yana cewa ba roƙo ya yi ba, ba shi aka yi.

Da la'asar sai ga Maman Tunde ta yi sallama. Mace ce mai jiki, mai murya, amma ranar a hankali ta yi magana. Ta durƙusa ta gai da Iya, sannan ta juya ga Inna.

"Maman Audu, ni na kira shi. Laifina ne. Tunde ba ya cin abinci sai da aboki. Ki bar shi ya riƙa zuwa, wallahi ba wanda zai ji a bakina."

Inna ta ce, "Na gode, Allah ya saka. Amma muna da abinci."

Maman Tunde ta dubi madafa, ta dubi Hanne da ke zaune a ƙasa, ta ce, "Ni ma uwa ce."

"Na sani. Muna da abinci."

Bayan ta fita Inna ta sa Audu ya dafa kanta ya yi alkawari ba zai ƙara cin ko ƙwayar gero a gidan wani ba. Ya yi. Audu yana da ci, amma ba ya ƙarya, kuma in ya yi alkawari yana riƙewa. Ku riƙe wannan.

Duk da ƙarin da ake yi mata, Hanne baya take yi. Ƙafafunta suka kumbura, in ka danna da yatsa wurin ya lotsa ya zauna. Gashinta ya yi ja ya yi laushi yana zuba. Ta daina wasa, ta daina ma kuka mai ƙarfi, sai wani ɗan ƙugi kamar na mage. Abin da ya fi tayar mana da hankali, ta daina son abincin. A kai mata baki ta kau da kai. Iya ta ce maganin wannan ɗura ne, haka aka yi wa kowa. Ta kwantar da ita a cinya, ta matse ƙafafunta, ta tara tafin hannu a bakinta ta zuba kunu, ta toshe mata hanci. Yarinya ta shiga haɗiya tana shaƙewa, idanunta suka firfito, kunu ya dawo ta hanci. Da aka ɗaga ta sai ta yi lakwas, ba numfashi. Inna ta fizge ta tana bubbuga bayanta tana salati har ta yi tari. Tunda aka kawo Inna gidan ba ta taɓa ɗaga wa Iya murya ba sai ranar.

"Ba za a ƙara yi mata ɗura ba."

"Da ɗura na raya mijinki."

"Da ɗura aka yi wa biyun da na binne."

Iya ta tashi ta shige ɗakinta. Ta yi kwanaki ba ta yi wa Inna magana ba.

Ruwan farko ya sauka, aka shuka gero da dawa. A makon ne Inna ta goya Hanne ta ce in biyo ta da gorar ruwa, muka kama hanyar Funtua. Tana tafe tana hutawa saboda cikin. A ɗakin shan magani muka tarar da mata cike da rumfa, kowace da yaro irin namu, wasu ma sun fi Hanne lalacewa. An rataye sikeli a jikin azara, irin wanda ake auna auduga da shi amma ƙarami, da ɗan wando na zane a ƙasa. Aka zura Hanne a ciki tana lilo, ko motsi ba ta yi ba. Malamar asibitin ba ta manyanta ba, Hausarta da ɗan gargada, ta dubi allurar sikelin ta dubi Inna, sannan ta fara tambaya. Me yarinyar ke ci? Wa ke ba ta? Ita kaɗai take ci ko da 'yan'uwanta? In ta ƙi ci me ake yi mata? Ana lallashinta ko ana tilasta ta? Akwai abin da ake hana ta? Inna tana amsawa kanta a ƙasa. Tunda take ba wanda ya taɓa bincikar tukunyarta, yau ga baƙuwa tana yi a gaban mata. Da ta ji an raba kwano sai ta ce an kyauta. Da ta ji zancen ɗura ta ce kar a sake. Ta ce ciwon tamowa ne, kuma ƙara tuwo ba zai warkar da shi ba, jikin yarinyar wani abu yake nema: madara, ko wake, ko gyaɗa, ko ƙwai, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, da lallashi.

"Kuna da kaji?"

Inna ta ce, "Zabi ne."

"Sun fara ƙwai?"

"Sun fara."

"To maganin 'yarki yana gidanki. In kika bari ta ƙara wata a haka, ba na jin za ki sake kawo ta."

Abin da malamar ba ta sani ba, kuma Inna ba ta faɗa mata ba, ƙwan zabin nan shi ne abincin gidan gaba ɗaya. Rumbu ya riga ya ƙare. Ni ke bin zabin cikin ciyawa in gano inda suka yi, in tara, ranar kasuwa a ba masu kaiwa tashar jirgi, a auno mana dawa. Da wannan da ɗan abin da Baba ke samowa a ƙwadagon gonakin mutane muke rayuwa. Duk ƙwan da ya shiga bakin Hanne, tuwon wani ne ya ragu. A hanyar dawowa muka yi ta tafiya har muka hango rimin garinmu. Nan Inna ta tsaya, ta gyara goyo, ta ce, ba da ni take ba, "Ba zan binne ta uku ba."

Da yamma ta faɗa wa Baba a tsakar gida, kowa na ji, cewa Hanne za a riƙa ba ƙwan. Iya ta ce za a mai da jikarta ɓarauniya. Inna ta ce ta yarda, ta rayu tukuna. Baba ya tambaya daga ina za a cike gurbin.

Inna ta ce, "Kai kana noma, ba za a taɓa naka ba. Iya ma haka. Daga nawa, da na wannan," ta nuna ni da haɓa, don ni 'yar fari ce ba ta kiran sunana, "da na Audu. Jikinsa zai ɗauka."

Baba ya ce, "Ke kika san tukunyarki."

Haka aka yi. Kullum Inna ta dafa ƙwai ta murmushe shi cikin kunu, ta ɗora Hanne a cinya tana yi mata wasa tana ba ta da ɗan ƙaramin ludayi. Da fari tana tofarwa, daga baya ta fara karɓa. Kumburin ya fara saɓewa. Wata safiya ta miƙa hannu da kanta ta kama ludayin, Inna ta juya fuska don kar mu ga idonta. Mu kuwa malmalarmu ta koma kamar ta wasan yara. Ni da tafasa da rama nake cika ciki, in na je tsintar ƙwai in tsinko in tafasa. Audu shi ke bin Baba gona, yana tsugune yana cirar ciyawa tun safe har azahar. In ana ba Hanne ƙwai sai ya tashi ya fita zaure, don ƙamshin. Ya daina surutu. Gurnanin nan na cin tuwo ma ya daina. Tunde yakan zo ƙofar gida da abu a ƙunshe cikin ganye, Audu ya sa hannuwansa a baya ya girgiza kai. Ranar Juma'a Inna ta kama damtsensa, yatsunta suka kusa haɗuwa, amma ba su haɗu ba. Na ji ta ce masa, "Saura kaɗan, Audu. Gero ya kusa. Kai namiji ne." Ya ce to.

Akwai irin gyaɗa da Baba ya adana tun kaka, ko a tsananin yunwa bai bari an taɓa ba. Shekarar malamin gona ya zo da wani garin magani da ake cuɗa iri da shi don kar ƙwari su ci a ƙasa. Ya tara mutane ya gargaɗe su da babbar murya cewa guba ne, a wanke hannu, a ɓoye wa yara da kaji. Baba ya cuɗa nasa, ya shuka rabi, sai ruwa ya tsaya. Ya zuba sauran a tulu ya rufe da faifai ya ɗora dutse, ya kai ɗakinsa yana jiran ruwa ya dawo. Ya kira mu ya nuna mana tulun ya ce ko kusa. Duk mun ji. Audu ma ya ji.

Ranar da abin ya faru Baba ya tafi ƙwadago wani ƙauye, ya bar Audu a gida don ya kwana yana cewa kansa na juyawa. Inna da Iya suna gidan makoki a maƙwabta, ni na tafi bin zabi. Da na dawo wajen azahar, na ga ƙwarya a bakin randa da ruwa a ciki mai wani launi, da 'yan ɓawon gyaɗa suna yawo a kai. Ban gane ba. Sai na ji kakari a bayan ɗaki. Audu ne a durƙushe yana amai, jikinsa na karkarwa, yawu na dalala. Gyaɗar tulun Baba ce ya ɗiba ya wanke. Ya ɗauka in ya wanke maganin ya fita. Bai soya ba don kar a ga hayaƙi, ɗanya ya ci, kuma ya ci da yawa.

Na fita da gudu ina ihu. Kafin a jima gida ya cika. Wata ta kawo nono, wata ta jiƙa kanwa, Maman Tunde ta zo da kwalbar manja ba ko ɗankwali a kanta, tana ɗaga kansa tana zuba masa tana kiran sunansa. Duk abin da aka ba shi dawowa yake. Inna ta zauna a ƙasa ta ɗora shi a ƙafafunta, da cikinta da komai. Jijjiga takan zo ta sanƙarar da shi, ta sake shi, ta kuma dawowa. A tsakanin biyu ya buɗe ido ya gane ta.

"Inna."

"Na'am, ga ni."

"Ban ci a gidan kowa ba."

Ta ce, "Na sani. Yi shiru. Na sani."

Aka sami mai keke ya je ya kira Baba. Da ya iso ya saɓa shi a kafaɗa ya nufi bakin titi da gudu ko za a dace da motar Funtua, maza na bin sa. Ba su kai titin ba. Wajen la'asar muka gan su suna dawowa a hankali, an lulluɓe shi da rigar Baba.

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, kuma wannan ma an saka shi cikin abin da aka faɗa a kanta. Tun kafin a share makoki magana ta fara yawo: ta ɗauki abincin namiji mai noma ta ba 'yar da ta riga ta zama ta ƙasa, ta bi maganar asibiti ta ƙi ta manya, girman kai ya hana ta barin yaro ya ci a maƙwabta. A cikin maganganun akwai ƙarya akwai gaskiya, kuma Inna ta fi kowa sanin wacce ce wacce. Abin da ban zata ba, Iya ce ta tare mata. Wata tsohuwa ta fara zancen a ɗakin makoki, Iya ta katse ta.

"Kwanona ba a taɓa rage shi ba, kuma ban taɓa cewa a rage ba. Ina ci ina kallon yaron. In za ku ƙirga masu laifi ku fara da ni, ko ku yi mana shiru."

Maman Tunde ta zo gaisuwa, ta zauna kusa da Inna ta daɗe. Da za ta tafi Inna ta riƙe bakin zanenta ta ce, "Da na bar shi." Maman Tunde ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare." Tun daga ranar takan aiko da dafaffen wake a rufe, Inna ta karɓa ta ajiye a gabana. Ban taɓa jin ta ƙara hana wani yaro cin abincin wani gida ba. Ban kuma ƙara ganin ta kama damtsen kowa ba. Ƙwai dai ba ta fasa ba Hanne ba, ko ranar da aka yi jana'iza sai da ta dafa.

Baba bai zarge ta ba, bai kuma lallashe ta ba. Shi abin da ke cinsa daban ne: audugar da ya ba babbar gona, da tulun da ya ajiye a inda hannun yaro zai kai. Tsakaninsa da Inna magana ta ragu, ta koma ta abin da ya zama dole, kuma haka suka ƙarasa zamansu.

Bayan addu'ar bakwai ruwa ya dawo kamar da bakin ƙwarya. Da safe na ga Baba ya fito da tulun nan ya ajiye a tsakar gida. Na ɗauka rami zai haƙa ya binne shi. Iya ma ta ce a kai shi nesa a zubar. Baba ya ce ba shi da wani irin, kuma ba mai ba shi a wannan lokaci. Ya juye abin da ya rage a ƙwarya, ya ɗauki sungumi, ya dube ni, don wanda ke bin sa da iri ba ya nan. Muka tafi gona. Yana gaba yana sara, ina baya ina jefawa ina rufewa da diddige. Garin maganin ya kama mini yatsu. Haka muka yi ta yi har muka kai ƙarshen kunya ta ƙarshe, sannan ya kai ni rafi ya wanke mini hannu da kansa, da yashi, ya daɗe yana cuɗawa har sai da na ce masa da zafi.

Gyaɗar ta yi kyau. Ban taɓa ganin gonar ta ba da irin ta shekarar ba. Lokacin da aka cire ta Inna ta riga ta haihu, Hanne kuma tana tafiya da ƙafarta, sabon gashi baƙi ya fito mata. Baba ya kawo buhunan ya jingine a zaure, ya ce gobe zai kai su Funtua duka, ba ya son ganin ko ƙwaya ɗaya a gidan. Inna tana zaune da jariri a hannu. Ta ce ya bar buhu ɗaya. Ya ce me za ta yi da shi. Ta ce yara za su ci, malamar asibiti ta ce gyaɗa na gina jiki.

Ta miƙa wa Iya jaririn, ta ɗora kasko, ta soya da hannunta, ta zuba mana a faifai ba awo. Ita ba ta ci ba, Baba ya fita. Ni da Hanne muka zauna a gaban faifan. Na san gyaɗar da ta haifi wannan, na san tulun da ta fito. Hanne ta damƙa ta kai baki tana dariya. Na daɗe ina kallo, sannan ni ma na sa hannu, don yunwa nake ji.